Sun Zo, Sun Biya, Amma Za Su Dawo? Tambayoyi da Amsoshi kan Auna Gamsuwar Masu Zuwa Wuraren Shaƙatawa

Na yi wasu shekaru ina riƙe wa wani yayana littafin lissafi a wurin wasan yaran da ya buɗe: lilo, jirgin ƙasa na yara, motocin karo, sai ɗan filin ƙwallo a gefe da ake haya awa-awa. A nan na fara sha'awar wannan batu, har na shiga karance-karance a kansa. Waɗannan tambayoyi ne da masu irin sana'ar ke yawan yi mini, da masu gidan kallon ƙwallo, da masu wurin ninƙaya, da masu gidan motsa jiki.

Wurina cika yake maƙil duk sallah. Wane awo kuma nake buƙata bayan wannan?

Cikar sallah ba shaida ba ce, Alhaji. Daga ranar idi zuwa kwana na uku ko na huɗu, yara sun tara barka da sallah a aljihu, an ɗinka sababbin kaya, dole a fita a nuna su. Gidan Zoo na Kano, Gamji a Kaduna, gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, har ɗan fili mai lilo biyu a bayan unguwa, ko'ina ka leƙa ba masaka tsinke. Lokacin ne ya kawo mutanen, ba lallai kai ka kawo su ba.

Sallah biyu idan ka haɗa da ƙyar su ba ka kwana goma na cinikin gaske. Albashin ma'aikata kuwa wata goma sha biyu ne, haka kuɗin haya. Abin da za ka so ka sani shi ne, a cikin wannan taron, mutum nawa ne za su tuna da kai wata Asabar da ba a bikin komai, su ce wa yara ku shirya mu je. Jakar kuɗin da ka ƙirga daren sallah ba za ta gaya maka wannan ba.

Wai mece ce ma gamsuwar da ake magana? Ba jin daɗi ba ne kawai?

Kusa da haka, amma da ɗan bambanci. Wani masani Ba'amurke, Richard Oliver, ya bayyana ta a 1980 da cewa gamsuwa tana fitowa ne daga gwada abin da mutum ya zo yana tsammani da abin da ya tarar. Idan abin da ya tarar ya zarce tsammaninsa, ya gamsu. Idan ya gaza, ko da wurin yana da kyau, da ƙorafi zai fita.

Shi ya sa gidan kallo na langa-langa mai benci zai iya sallamar mutane suna murna, wuri mai iyakwandishan kuma a fita ana tsaki. Shi ya sa kuma talla take da haɗari. Ka ɗauki bidiyon wurin ninƙayarka ranar da aka zuba sabon ruwa shuɗi garau ka saka a TikTok, mutum ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar ruwan ya koma kore, ka yi wa kanka illa da hannunka. Farashi ma alƙawari ne: duk naira da ka ƙara a tikiti, ka ɗaga tsammanin mai biya.

Ai ina tambayarsu a bakin ƙofa, kowa cewa yake ba laifi. Wannan bai isa ba?

Nan ne aka fi yaudaruwa a ƙasarmu, kuma ni ma na faɗa ciki. Wata sallah babba, kwana na uku, ina tsaye a ƙofar fita da ɗan littafina. Wata mata ta zo wucewa da yara huɗu, ƙaramin a goye, mayafi ya jiƙe da gumi. Na ce, "Hajiya, yaya kika ga wurin namu?" Ta yi murmushi ta ce, "Ba laifi, Allah ya ƙara buɗi." Na rubuta ta cikin waɗanda suka gamsu. Minti biyu ba a yi ba na fita neman mai shayi, na tarar da ita a gindin bishiya tana jiran adaidaita sahu, waya a kunne. "Wallahi Yaya, ba banɗakin da mutum zai iya shiga. Sai bayan mota na kai yarinyar nan. Ni da wurin nan kuma har abada."

Ba ƙarya ta yi mini ba, kara ta yi mini. Bahaushe ba ya duban idon mai wuri ya ce wurinka bai yi ba, musamman mace ga namijin da ba ta sani ba. "Ba laifi" da "Alhamdulillahi" gaisuwa ce, ba amsa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutanen da, kuma da na dubi fuskarta da kyau da na gane.

Abin da muka koma yi ke nan. Mai wuri ya daina tambaya da kansa. Aka sa wata yarinya 'yar jami'a ta riƙa tambayar mata, a zaune, a inuwa, ba a tsaye bakin ƙofa ana gaggawa ba. Aka daina cewa "yaya kika ga wurin", aka koma "in abu ɗaya za mu gyara kafin ki dawo, wanne za mu fara da shi?" Wannan tambaya ta sauƙaƙa wa mutum, don yanzu shawara yake bayarwa, ba kushe yake yi ba. Bakin da ya ce ba laifi, shi zai zauna ya lissafo maka abu biyar.

Idan na ce a ba ni maki daga 1 zuwa 5, yawancinsu 4 suke bayarwa. Na ci jarrabawa ke nan?

Da saura. Kamfanin Xerox, mai injinan kwafe takardu, ya daɗe yana tambayar kwastomominsa da irin wannan ma'auni, yana haɗa masu 4 da masu 5 wuri guda a matsayin waɗanda suka gamsu. A farkon shekarun 1990 suka raba su biyu suka duba, sai suka ga mai bayar da 5 ya ninka mai bayar da 4 sau shida wajen yiwuwar sake sayen kayansu. Mai 4 ba ya fushi da kai, amma ba abin da ya ɗaure shi. Ranar da aka buɗe sabon wuri kusa da gidansa, ya tafi ba ko sallama.

A wajenmu, da karar da na ambata, ni nakan ɗauki 4 a matsayin "ba laifi", 3 kuwa ƙorafi ne da aka sa masa riga. Masu 5 kawai nake ƙirgawa.

Na ji ana maganar NPS. Mene ne shi, kuma ya dace da mu?

Ma'auni ne mai tambaya ɗaya tak, wanda Fred Reichheld na kamfanin Bain ya gabatar a mujallar Harvard Business Review a 2003. Ana tambayar mutum: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka ba wani aboki ko ɗan'uwa shawarar ya zo nan? Masu 9 da 10 su ne masu yi maka talla. Masu 7 da 8 'yan ba-ruwanmu. Daga 6 zuwa ƙasa masu ɓata maka suna. Sai ka cire kason masu ɓatawa daga kason masu talla.

A ce ka tambayi mutum 200. Casa'in sun ba da 9 ko 10, kashi 45 cikin ɗari ke nan. Arba'in sun ba da 6 ko ƙasa, kashi 20. Makinka 25. Saba'in ɗin da ke tsakiya ba sa shiga lissafi.

Ina son tambayar saboda dalili ɗaya: ta taɓa mutuncin mai amsa. Mace za ta iya cewa ta ji daɗi, amma kafin ta ce za ta tura ƙanwarta da 'ya'yanta sai ta yi tunani. Sana'ar shaƙatawa kuwa a bakin mutane take tafiya, a gidan suna, a zauren WhatsApp na iyayen 'yan makaranta. Sai dai kada a mayar da shi abin bauta. A 2007 Timothy Keiningham da abokan aikinsa sun sake gwada shi, ba su ga ya fi sauran ma'aunan gamsuwa iya hasashen bunƙasar kamfani ba. Kuma lamba ce kawai, ba ta faɗin dalili. In ba ka biyo ta da "me ya sa?" ba, ka san kana da zazzaɓi ne ba ka san me ya kawo shi ba.

Ga wanda bai saba da lambobi ba, fuskoki uku a takarda, mai dariya, mai shiru, mai ɓacin rai, sun fi tsani mai hawa goma sha ɗaya aiki.

Mutum nawa zan tambaya?

Da amsa 100, sakamakonka zai iya kaucewa da kusan maki 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. Da 400, kusan 5. Don haka in bara ka samu 62 bana 65 daga mutum ɗari-ɗari, kada ka yanka rago, ba abin da ya canja. Abin da ya fi yawan muhimmanci shi ne su wa ka tambaya. Ka haɗa da ranar cunkoso da ranar da ba kowa, safe da yamma, kuma ka sa doka, misali kowane mutum na goma da ya fito. In ka bar wa ma'aikaci zaɓi, masu fara'a zai riƙa tara.

To, gaskiya gamsuwa tana kawo riba, ko dai maganar 'yan boko ce?

Tana kawowa, amma ba kai tsaye ba, kuma ba nan take ba. Ta ƙofa uku take shigowa: mutum ya dawo, ya kashe fiye da kuɗin shiga idan ya zo, ya kuma jawo wani.

Abin da ya sa wannan ya fi ƙarfi a sana'armu fiye da ta mai shagon shinkafa shi ne yanayin kashe kuɗinmu. Mai shinkafa duk buhun da ya sayar sai da ya saye shi. Kai kuwa janaretanka dizal ɗaya yake sha ko yara huɗu ne a kan jirgin ko ashirin. Mai gadi, mai shara, haya, duk suna nan ko an zo ko ba a zo ba. Saboda haka da zarar ka rufe waɗannan, kusan duk kuɗin mutum na gaba da ya shigo riba ce. Kujerar da ta zagaya ba kowa kuma ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe.

Bari mu yi lissafin misali. A ce iyali mai mutum shida suna kashe naira 15,000 a kowane zuwa, bayan ka cire kuɗin lemo da abincin da ka saro ya rage maka 9,000. Idan sallah-sallah kawai suke zuwa, 18,000 ke nan a shekara. Idan wurin ya kwanta musu suna zuwa sau shida, 54,000. Yara kan yi kamar shekara biyar suna sha'awar irin wannan wasa kafin su girme shi: bambancin 90,000 da 270,000 ke nan daga gida ɗaya. Filin ƙwallo ya fi wannan fitowa fili. Tawagar samari da ke kama awa ɗaya duk Juma'a da dare a kan 10,000, a mako 50 sun ba ka 500,000. Fitila ta mutu musu sau biyu ana tsakiyar wasa, ba wanda ya ba su haƙuri, sun koma wani fili. Ba awa ɗaya ka rasa ba.

Reichheld da Earl Sasser sun ruwaito a 1990 cewa rage masu guduwa da kashi 5 cikin ɗari ya ƙara riba da kashi 25 zuwa 85 a kamfanonin da suka duba. Za ka ji ana yawan jefa wannan adadi a tarurruka. Ka tuna bankuna ne da masu katin bashi da garejin gyaran mota a Amurka, ba masu lilo ba. Darasin ya shafe mu, lambar kuwa sai ka fitar da taka daga littafinka.

Akwai kuma wuraren da igiyar da ta haɗa gamsuwa da riba ke da sako-sako. Wanda ya taso daga Legas ya je Yankari ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki wataƙila sau ɗaya zai je a rayuwarsa komai daɗin da ya ji. Ribar gamsuwarsa tana cikin labarin da zai bayar. Wanda kuma shi kaɗai ne mai wurin wasa a garinsu, mutane za su yi ta zuwa suna gunaguni, littafinsa na nuna riba, har ranar da wani ya buɗe nasa.

Yaro ne ke wasa, uba ne ke biya. Gamsuwar wa zan auna?

Ta uwa, in ka tambaye ni. Yaro in dai ya hau lilo ya sha askirim, goma bisa goma zai ba ka. Uba yakan sauke su ya tafi, ko ya zauna a mota yana danna waya. Ita ce ke zama awa uku tana gadin takalma da jakunkuna, ita ke neman inda za ta yi alwala ta yi la'asar, ita ke lura ko samari na damun 'yan matanta, kuma ita za a tambaya wata mai zuwa, "Mama, za mu koma?" Yawancin masu wuraren nan maza ne, duk kuɗinsu a kan injinan wasa yake ƙarewa, matar da ke yanke hukunci kuma tana zaune a kan bulo cikin rana.

Kuɗina kaɗan ne. Sabon injin wasa zan saya ko gyare-gyare zan yi?

Akwai wani tsari da ake kira tsarin Kano, kuma kada ka yi saurin alfahari, ba Kanon Dabo ba ce. Sunan wani farfesa ne ɗan Japan, Noriaki Kano, da ya fitar da shi a 1984. Ya ce abubuwan da kwastoma ke samu ba ɗaya suke ba. Akwai na dole, waɗanda in suna nan ba mai yabonka, in babu su kuma ba abin da zai wanke ka: banɗaki mai ruwa, tsaro, bel ɗin da ke riƙe yaro a kan lilo, wurin sallah. Akwai waɗanda gwargwadon yawansu gwargwadon jin daɗi, kamar tsawon lokacin hawa ko saurin layi. Akwai kuma na ba-zata, waɗanda ba wanda ya sa rai, kamar a ɗauki yaro hoto a tura wa uwarsa kyauta. Ya ƙara da cewa abin ba-zata na yau shi ne na dolen gobe. Biya da POS ko taransifa a da burgewa ce. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wurin da ba ya karɓa ya kori rabin layinsa.

Ranar da aka buɗe babban wurin wasa na Disneyland a Kalifoniya, 17 ga Yuli 1955, abubuwa da yawa sun cakuɗe: jabun tikiti sun sa jama'a sun yi yawa, kwaltar da aka zuba ba ta bushe ba har takalman mata na nutsewa. Masu aikin famfo sun yi yajin aiki, aka ce wa mai wurin, Walt Disney, ya zaɓa, ko famfunan shan ruwa ko banɗakuna. Ya zaɓi banɗakuna. Ya sha suka a jaridu, har da masu cewa so yake a sayi lemo dole, amma ni ina ganin ya san sana'arsa.

Hanya mai sauƙi ta yanke shawara: rubuta abubuwa goma na wurinka, ka tambayi mutane abu biyu a kan kowanne, yaya muhimmancinsa gare ka, kuma yaya muka yi a kansa. Wanda ya fito da muhimmanci sosai amma makinku ƙasa, can kuɗin zai fara zuwa. Mu da muka yi, sabuwar motar karo da yayana ke mafarki ta zo ta bakwai. Tankin ruwa da rumfa suka zo na ɗaya da na biyu. Ransa bai so ba.

Layi ne babban ƙorafinmu, kuma ba ni da halin ƙara injina.

Ba tsawon jiran kaɗai ke ɓata rai ba. David Maister ya yi rubutu a kan haka a 1985: jiran da ba ka yin komai ya fi tsawo a zuciya, haka wanda ba ka san iyakarsa ba, da wanda ba a yi maka bayaninsa ba, da kuma wanda ka ga an yi rashin adalci. Na ƙarshen nan shi ne namu. Mutum zai jure minti arba'in a rana, amma ya ga an shigo da 'ya'yan wani mai babbar riga ta gefe, shi ke nan ranar ta ɓaci. Igiya mai tsara layi, allo da ke cewa daga nan minti 20 ne, rumfa, da ma'aikacin da zai iya ce wa babban mutum "Ranka ya daɗe, layi ne", sun fi sabon inji araha. Idan za ka rubuta lokaci a allo, ka ɗan ƙara a kan na gaskiya.

Me ya sa wasu ke fita da fushi alhali sun wuni suna dariya?

Don ƙarshen ne ya lalace. Daniel Kahneman da abokansa sun yi wani gwaji a 1993: mutane suka sa hannu a ruwa mai sanyi na daƙiƙa 60, sannan a wani zagayen suka yi daƙiƙa 60 ɗin aka ƙara musu 30 ruwan na ɗan rage sanyi. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, yawancinsu suka zaɓi mai tsawon. Abin da ke zama a ƙwaƙwalwa shi ne lokacin da abu ya kai ƙololuwa da kuma yadda ya ƙare.

Yanzu ka tuna yadda ake tashi a wurinka. Magariba ta kawo kai, an kashe janareta, mai gadi na buga ƙarfe yana "a fita, a fita", takalmin yaro ɗaya ya ɓace a duhu, a waje kuma wani na neman kuɗin ajiye mota da ba a faɗa ba tun farko. Da wannan za su kwana.

Dizal da wuta sun tashi, dole na ƙara farashi. Gamsuwa ba za ta faɗi ba?

Za ta ɗan faɗi, kuma kowa ya san halin da ake ciki tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 da ƙarin kuɗin wutar rukunin A a Afrilun 2024. Mutane sun fi yafe ƙarin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a ƙofa fiye da wanda aka ɓoye. Abin da ke ƙona rai shi ne a biya kuɗin shiga, a tarar kowane lilo da nasa, an kuma rage minti biyar ɗin hawa zuwa uku ba sanarwa. Uban da ya lissafa kuɗinsa a gida ya zo aljihu ya ƙare a gaban 'ya'yansa, kunyar da ya ji kai zai ɗora wa. A nan awon ke da amfani: wanda yake da masu ba shi 5 da yawa yana da sararin ƙara farashi, wanda jama'arsa 'yan "ba laifi" ne ya taka a hankali.

Gidan motsa jiki gare ni. Waɗanda suka biya kuɗin wata ba sa zuwa ai su ne ribata?

Na ɗan lokaci. Wasu masana tattalin arziki biyu, DellaVigna da Malmendier, sun duba gidajen motsa jiki uku a Amurka suka wallafa a 2006: masu biyan sama da dala 70 a wata ba sa wuce zuwa sau huɗu da 'yan kai, wato kowane zuwa ya tsaya musu sama da dala 17, alhali da tikitin zuwa goma suka saya, da kowane zuwa dala 10 zai tsaya musu. Can ana cire kuɗin daga asusun mutum kai tsaye, sai ya manta. A nan kuwa hannu da hannu ake sabuntawa, wanda bai zo ba wannan wata ba zai biya na gaba ba. A wurinka rajistar zuwa ita ce ma'aunin gamsuwa mafi gaskiya. Wanda ya saba zuwa sau uku a mako ya koma sau ɗaya, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje, kira shi tun yanzu.

Ina ruwan ma'aikata da wannan lissafi?

Su ne farkon sarƙar. James Heskett da abokan aikinsa a Harvard sun jera ta a 1994: ma'aikaci ya samu kulawa, ya zauna ya iya aikin, kwastoma ya gamsu, ya dawo, riba ta biyo. Yaron da ke kunna lilo shi ne fuskar kamfaninka, ba kai da ke ofis ba. In yana bin albashin wata biyu, ya wuni a rana ba a ba shi ko ruwa ba, kada ka yi mamaki in ya daka wa ɗan mutane tsawa, ko ya karɓi kuɗi a hannu ya bar tikitin a aljihu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma mai yunwa ba ya shimfiɗa ta.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ɗaura ladan ma'aikaci a kan makin da aka ba shi kai tsaye. Mako biyu za ka ji ana "Hajiya don Allah ki ba ni goma, aikina ne a kai", makinka ya haura, ba abin da ya gyaru. Gara ka turo wani ɗan'uwa da ba su sani ba, da iyalinsa, ka biya masa, ya dawo ya ba ka labari.

Taurarin Google da maganganun Facebook fa?

Ka karanta su, kada ka auna da su. Masu rubutawa ko sun ji daɗi ƙwarai ko sun fusata ƙwarai, kuma yawancin iyayen da ke zuwa wurinka ba su taɓa rubuta komai a can ba. Amma baƙo yana dubawa. Michael Luca na Harvard ya gano a 2011 cewa ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, shafin da kwastomomi ke ba wurare maki, ya zo da ƙarin ciniki na kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari ga gidajen abinci masu zaman kansu a birnin Siyatil. In an zage ka, amsa da ladabi, faɗi abin da ka gyara. Masu karanta amsar sun fi wanda ya yi zagin yawa.

Ba ni da kwamfuta ko ma'aikacin bincike. Daga ina zan fara?

Daga littafi mai layi na 'yan makaranta. Mai sayar da tikiti ya riƙa tambayar kowane iyali, "Kun taɓa zuwa?" ya ja layi a ɗaya daga shafi biyu, sababbi ko tsofaffi. Ƙarshen wata ka ƙirga. Ka raba cinikin yini da yawan waɗanda suka shigo, ka san abin da kowane kai ke kashewa. Ka buga ɗan kati mai gida shida, a huda ɗaya duk zuwa, na shida kyauta. Katunan da suka dawo a huje sun fi kowace takardar tambaya faɗin gaskiya. Ka ajiye waɗannan lambobi gefe da gefe da makin gamsuwa wata bayan wata, a nan za ka ga ko suna tafiya tare a wurinka.

Idan za ka karɓi lambar waya, nemi izini ka faɗi abin da za ka yi da ita, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta haka a Najeriya. Lambar matar aure kuwa, bari mace ta karɓa, mace ta kira.

Sai abu mafi wuya, kiran waɗanda suka daina zuwa, don duk takardar da ka raba a ƙofa ra'ayin waɗanda suka rage kawai take kawo maka. Mu mun ware gida talatin da suka yi wata shida ba su leƙo ba. Wasu sun tashi daga unguwar, wasu yaran sun girma, da yawa sun ce kuɗi. Wani dattijo ya yi ta kwana-kwana, sai da aka kusa ajiye waya ya ce wa yarinyar da ta kira shi, "'Yata, tunda kin matsa. Jikana ya faɗi ya fasa gwiwa a wurinku, na nemi ko auduga aka ce babu." Washegari yayana ya aika kemis aka sayo akwatin agajin gaggawa, aka rataye shi a jikin rumfar tikiti inda kowa zai gani.